Yadda ake jinyar ɗan uwa a sashen kulawa ta musamman bayan babban aikin fiɗa

Idan likitan fiɗa ya fito ya ce aiki ya yi kyau, dangi sukan yi hamdala, a shiga kiran ƴan uwa na Tawa da Ƙonni da na ƙetare ana yi wa juna barka, kamar dai an haye. Murnar ta dace, sai dai kwanakin da ke biye da aikin sun fi ranar aikin kanta haɗari. Wani bincike da aka wallafa a mujallar The Lancet a 2018, wanda ya bi marasa lafiya 11,422 da aka yi wa fiɗa a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa kusan mutum 1 cikin 5 ya gamu da wata matsala bayan aikin, kuma kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar fiɗar suka rasu ba, sai a kwanakin bayanta. Masu binciken sun danganta hakan da ƙarancin ma'aikata da na kayan sa ido a kan marar lafiya. Wannan ne ya sa mai jinya yake da aiki na gaske, amma ba aikin ba da magani ba ne. Aikinsa ya lura, ya riƙe bayani, ya tsare ƙofa, ya kira ma'aikata da wuri.

Mataki na 1: A tsayar da mutum ɗaya

Tun kafin a fito da marar lafiya daga ɗakin fiɗa, dangi su zauna su tsayar da mutum ɗaya da zai riƙa magana da likitoci, da wani na biyu da zai karɓe shi idan ya gaji. Ba dole sai babban gida ba. Wanda ake nema shi ne mai natsuwa, wanda ya iya karatu da rubutu, in da hali mai jin Faransanci, domin da shi ake rubuta takardun magani da sakamakon gwaji. Idan kowa ya tare likita a hanya da tasa tambayar, kowa zai koma da nasa labarin, kafin la'asar a samu magana uku masu karo da juna a gida ɗaya.

Wakilin ya sayi littafin rubutu irin na ƴan makaranta, ya riƙa rubuta kwanan wata, da sunan aikin da aka yi, da magungunan da aka rubuta, da abin da likita ya faɗa, da kuɗin da aka kashe. A shafin farko ya rubuta abin da likitoci suke buƙatar sani: ko marar lafiyan yana da hawan jini, ko ciwon suga, ko sikila, ko asma, da maganin da jikinsa ba ya so, da duk abin da yake sha kafin a kwantar da shi, har da sassaƙe da jiƙo. Kada a ɓoye na gargajiyar don jin nauyi, domin wasu daga cikinsu suna wahalar da ƙoda da hanta, kuma likitan da bai san an sha su ba zai yi ta neman dalilin matsala a wani wurin. Littafin yana da amfani na biyu da ba a cika tunawa da shi ba: mutane da yawa sukan fito daga wannan sashe ba sa tuna kwanakin da suka yi a ciki, kuma abin da aka rubuta shi ne zai taimaka musu daga baya su san yadda aka yi.

Mataki na 2: Kuɗi, magani da jini

Babban aiki yakan kai mutum Yamai, babban birnin Nijar, zuwa Babban Asibitin Ƙasa, ko na Amiru Bubakar Diallo da ke Lamorde, ko Babban Asibitin Referans da aka buɗe a 2016, kuma wanda ya taso daga Tawa ya yi tafiyar fiye da kilomita 500 ya bar gida da sana'a a baya. Don haka a haɗa gudunmawar dangi a hannu ɗaya, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a adana kowane rasit. Tun daga Satumba 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin ayyukan asibitocinta da rabi, amma magunguna da yawa har yanzu sai an saya, kuma takardar magani tana iya fitowa da ƙarfe 2 na dare. Mai jinya ya san farmasin da ke gadi, wato wanda ke kwana a buɗe, a wannan makon, ya kwana da ƴan kuɗi a jikinsa da waya mai caji. Kada a sayi maganin irin wannan marar lafiya a hannun masu talla, komai araharsa. Wanda ƙarfinsa ya ƙare ya tambayi ofishin taimakon marasa ƙarfi na asibitin, ba abin kunya ba ne.

Maganar jini kuwa a gama ta tun ba a nema ba. A samu mutum uku ko huɗu masu lafiya, waɗanda suka kai shekara 18 da nauyin kilo 50, su shirya zuwa cibiyar ba da jini ta ƙasa da ke Yamai ko inda asibitin ya tura su. Abin da ake ɗiba bai wuce kimanin mililita 450 ba, kuma jiki yana mayar da shi. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara, jini yakan yi wuya, don haka ba a jira sai an ce ana buƙata yanzu-yanzu.

Mataki na 3: Shiga ɗakin

Shigar farko cikin sashen, wanda ma'aikata ke kira reyanimasiyo, takan girgiza mutum, kuma gara ya san abin da zai tarar. Zai ga ɗan uwansa fuska da hannuwa a kumbure saboda ruwan da aka ƙara masa, da roba a baki wadda ta haɗa shi da na'urar numfashi, da wata siririya a hanci da ta gangara ciki, da jakar fitsari a rataye a gefen gado, wataƙila da wata robar da ke fitar da ruwa mai ja-ja daga wurin aikin. Ba zai iya magana ba muddin robar numfashi tana maƙogwaronsa, domin ta bi ta inda murya ke fitowa. Sau da yawa barcin da yake yi na magani ne da aka ba shi da gangan don jiki ya huta. Wani lokaci akan ɗaure hannuwansa sako-sako don kada ya fizge robar cikin magagi, kuma wannan kariya ce, kada a kwance ba da izini ba.

Allon da ke saman gado yana nuna bugun zuciya, wanda ga babba mai hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, da yawan iskar oksijin a jini, wanda ga mai lafiya yakan kai 95 cikin 100 ko fiye, da awon jini. Sanin wannan yana da kyau, amma kada mai jinya ya kafa wa allo ido yana firgita da kowane sauyi, domin likita yana da ma'aunin da ya sa wa kowane marar lafiya gwargwadon ciwonsa. Na'urar takan yi ƙara don ɗan abin da aka maƙala a yatsa ya goce kawai. Idan ta yi ƙara a kira ma'aikacin jinya, kada a taɓa maɓalli, kada a ƙara gudun ruwan da ke ɗiga don a ga ya yi jinkiri.

Kafin a taɓa marar lafiya da bayan an taɓa shi a wanke hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wankin sabulu ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60, shafa ruwan tsabtace hannu kuma 20 zuwa 30, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. A cire zobe da agogo. Mai mura ko tari ko zawo ya haƙura da shiga, ko da shi ne ɗan fari. Sannan za a ga an ɗaga kan gadon sama, kimanin digiri 30 zuwa 45; an yi haka ne don kada abin da ke ciki ya taso ya shiga huhu, saboda haka kada tausayi ya sa a kwantar da shi.

Mataki na 4: Kada a ba shi komai ta baki sai likita ya yarda

A nan ne ƙauna ta fi yin ɓarna. Bayan an cire robar numfashi, marar lafiya yakan farka da leɓe a bushe, murya a dushe, ya dubi ɗiyarsa ya ce, "Don Allah ki ba ni ruwa ko maƙwarwa ɗaya." Babu zuciyar da wannan roƙo ba zai karya ba. Amma maƙogwaron da roba ta kwana a cikinsa bai dawo da ƙarfin haɗiya ba tukuna, kuma ruwan da ya kamata ya bi hanyar abinci yana iya zarcewa huhu, wani lokaci ba tare da ko tari ba, bayan kwana ɗaya ko biyu zazzaɓi da ciwon huhu su taso. Idan kuma a ciki aka yi aikin, hanji yakan tsaya da motsi na ɗan lokaci, akwai kuma ɗinki a cikinsa da ke buƙatar a bi shi a hankali. Likita ne yake sanin lokacin da za a fara, da abin da za a fara da shi, da yawansa. Kafin nan ruwan da ake ƙara masa ta jijiya yana biya wa jiki buƙata, ko da bakin yana jin ƙishi.

Abin da mai jinya zai iya yi shi ne ya nemi izinin jiƙa masa leɓe da auduga mai tsabta, ya shafa masa ɗan mai a leɓen idan an yarda, ya gaya masa gaskiya cikin taushi: "Baba, ka yi haƙuri, likita ya ce sai hanjinka ya farka, ina nan tare da kai."

Hukuncin ɗaya ne a kan zamzam da rubutu da zuma da kunu. Za a kawo su, kuma waɗanda za su kawo manya ne da ba a iya yi musu musu, da kyakkyawar niyya suka zo. Ba sai an yi gardama ba. A karɓa da hannu biyu a ce, "Inna, Allah ya saka da alheri, zan ajiye masa har ranar da likita ya ce ya fara sha." Addu'a da karatun Alƙur'ani a kusa da shi da murya ƙasa-ƙasa ba sa buƙatar haɗiya, kuma babu wanda zai hana su. Haka nan kada a shafa komai a kan ɗinki ko kusa da inda roba ta shiga jiki. A ganina, mai jinyar da ya iya tsare wannan mataki kaɗai ya yi rabin aikinsa.

Mataki na 5: A yi masa magana, a kuma san ruɗewa idan ta zo

Ko da idanunsa a rufe suke, a ɗauka yana ji. A riƙe hannunsa, a faɗi wanda ke magana, da ranar da ake ciki, da inda yake: "Yaya, ni ne ƙanenka, yau Talata da hantsi, kana asibiti a Yamai, an gama aiki, yara suna lafiya." Kada a yi maganar kuɗi ko ta gado ko ta tsananin ciwon a kansa, kada kuma a yi kuka mai ƙarfi a gefen gadon, wanda kuka ya ci ƙarfinsa ya fita waje ya yi, sannan ya dawo. Idan yana farke amma robar ta hana shi magana, a yi masa tambayar da amsarta i ce ko a'a, ya amsa da ƙifta ido ko matsa hannu.

Da yawa daga cikin waɗanda suka kwana a wannan sashe, musamman tsofaffi da waɗanda na'ura ta yi wa numfashi, sukan shiga ruɗewa. Dattijon da aka sani da kamun kai sai ya fara fizge-fizge, ya zagi wanda bai taɓa zagi ba, ya ce yana ganin mutane a bango, ko ya ce ma'aikata suna son kashe shi. Wani kuma shiru zai yi, ya ƙura wa wuri ɗaya ido, ba ya gane kowa, kuma wannan nau'in ya fi saurin wucewa ba a lura ba. Dangi sukan ce iska ce ko sammu ko taɓin hankali. Alhali ƙwaƙwalwa ce ta jigata da ciwo, da magungunan barci, da rashin barcin kirki, da fitilar da ba ta mutuwa dare da rana, wani lokaci kuma alama ce ta ƙwayar cuta a jini ko ƙarancin oksijin. Shi ya sa dole a sanar da ma'aikata da zarar an gani. Mai jinya ne ya san yadda mutumin yake kafin ciwo, don haka kalmarsa ta "ba haka yake ba" bayani ne mai daraja ga likita. Kada a yi masa gardama a kan abin da ya ce yana gani, kada kuma a gaskata masa, a ce masa, "Na san ka tsorata, ina nan, babu abin da zai same ka." A kawo masa tabaransa idan yana sawa, a bar hasken rana ya shigo da rana, a rage surutu da dare. Galibi ruɗewar tana washewa yayin da jiki ke samun sauƙi, kuma bai kamata a riƙe abin da ya faɗa a lokacin ba.

Mataki na 6: Tambayar likita

A san lokacin da likitoci ke zagayen safe, a shirya tambayoyi a rubuce, gajeru: me ya sauya tun jiya, me ake sa ran yi yau, me ya fi damun likita a yanzu, me ake so dangi su kawo. Idan ba a gane ba a ce, "Likita, a yi haƙuri a maimaita mini da Hausa," sannan a mayar masa da abin da aka fahimta don ya gyara. Ƙorafi kuma a kai wa majo, shugaban ma'aikatan jinya na sashen, cikin ladabi. Sauƙi a wannan ɗaki ba ya tafiya a miƙe, yau a ci gaba gobe a ɗan koma baya, don haka a bar yi wa gida albishir ko mummunan labari a kan awon sa'a ɗaya.

Mataki na 7: Ƴan dubiya

Dubiya ibada ce, kuma mutanenmu ba sa wasa da ita, amma ɗakin nan ba ya ɗaukar taro. A tarbi masu zuwa a waje, a karɓi gaisuwa da addu'arsu, a rubuta sunayensu don a gaya wa marar lafiya daga baya. Sau ɗaya a rana wakilin dangi ya tura saƙon murya ta WhatsApp ga kowa. Kada a ɗauki hoton mutum yana kwance da robobi a jikinsa a watsa, domin mutuncinsa amana ne a hannun mai jinya a lokacin da ba ya iya kare kansa. Shi ma mai jinyar ya ci abinci, ya sha ruwa sosai, musamman a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ya kwana cikin gidan sauro, ya yarda a karɓe shi.

Mataki na 8: Ranar da aka mayar da shi ɗakin kowa da kowa

Wannan rana ta farin ciki ce, amma daga ita nauyin lura ya ƙaru a kan dangi, domin babu allo a saman gado, kuma ma'aikaci ɗaya yana duba mutane da yawa. Idan ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi kusan duk bayan awa 2 yadda ma'aikata suka nuna, a duba ƙugu da duga-dugai da kafaɗu; jan da bai ɓace ba bayan an ɗauke nauyi daga wurin shi ne farkon gyambon kwanciya. Zanen gado ya kasance a bushe, ba tattara. A taimaka masa ya riƙa jan dogon numfashi sau da yawa a cikin kowace awa, ya yi tari yana danne wurin ɗinkin da matashi. Idan zafi ne ke hana shi tari ko motsi, a faɗa wa ma'aikata, domin jure zafi a nan ba jarumta ba ce, majina ce za ta taru a huhu.

Da zarar likita ya ba da izini a zaunar da shi a bakin gado, gobe ya tsaya, jibi ya taka zuwa ƙofa. Dangi sukan ce a bar shi ya huta, amma kwanciya tana cinye tsoka da sauri, tana kuma sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a yi mata tausa, domin gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. A kira likita. Haka nan a kira nan take, ko da tsakar dare ne, idan numfashinsa ya yi sauri ko yana haki, ko jikinsa ya kai digiri 38, ko ya yi sanyi yana gumi, ko fitsari ya ragu sosai, ko ciki ya kumbura yana amai, ko bandeji ya jiƙe da jini ko ruwa mai wari, ko barci ya yi masa nauyin da ba a saba gani ba. Idan an kira ba a zo ba a sake kira, a faɗi abin da aka gani da lokacin da ya fara.

Mataki na 9: Komawa gida

Kafin a bar asibiti a karɓi takardar bayanin aikin da aka yi, a tambayi ranar cire zare, da inda za a riƙa wanke ciwon, da lokacin da zai iya wanka, da nauyin da bai kamata ya ɗaga ba. Wanda zai koma Tawa ya tambayi likita ko jikin zai ɗauki doguwar tafiya, kuma in an kama hanya a riƙa tsayawa, a Dosso ko Dogon Dutsi ko Ƙonni, ya sauko ya ɗan taka. A shanye magunguna yadda aka rubuta, kada a ƙara da tramol na kasuwa don zafi. Jiki yana buƙatar abin gina tsoka: ƙwai, kifi, nama mai laushi, wake, madarar da aka tafasa, ganyen zogale, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, sai dai mai ciwon suga ko na ƙoda ya bi abin da likitansa ya tsara. Ƙwayar cuta tana iya kama wurin ɗinki har cikin kwana 30 bayan aiki, don haka ja, da kumburi, da mugunya, da zazzaɓi dalilai ne na komawa asibiti a ranar.

A sa rai da cewa ƙarfi zai ɗauki makonni ko watanni kafin ya dawo. Mantuwa, da mugun mafarki, da saurin fushi, da baƙin ciki sukan biyo bayan kwanciya a wannan sashe, kuma idan sun daɗe a gaya wa likita. Wanda salla ke damunsa a tuna masa da hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance ta gefe. Ga kuma taimama idan ruwa zai cutar da ciwon, azumi kuma a rama bayan an warke. Ranar komawa ganin likita a tafi da littafin nan, da takardun gwaji, da kwalayen duk magungunan da yake sha, a je ko da ya ce ya ji sauƙi.